Ɓular Rufin Saura Ƙiris

Daga bakin Baffa ne Auta ta fara jin sunan, ranar da suka tare a gidan gado. Tana 'yar mitsitsiya a lokacin, ko makaranta ba a sa ta ba. Babanta ya rasa aikinsa na tuƙi, haya ta gagara, suka tattaro komatsansu suka dawo ɗakunan baya na gidan da kakanta ya bari. Ana tsaka da sauke katifu sai ga Baffa, yayan babanta, ya shigo da baƙi biye da shi, yana tafe yana baza hannu kamar mai nuna gonarsa. Ya tsaya a wata ƙofa mai koren fenti, ya daka mata tafin hannu.

"Saura Ƙiris! Buɗe mana, ga mutane sun zo gani."

Auta ta ja zanen mamanta. "Mama, wane ne Saura Ƙiris?"

"Gwaggonki ce, yayar babanki. Kuma in na ji sunan nan a bakinki sai na murɗe shi. Gwaggo za ki ce."

Ƙofar ta buɗe. Wata doguwar mace siririya ta leƙo, tef ɗin awo rataye a wuyanta, allurai jere a gaban rigarta, ƙafar tabaraunta ɗaya an ɗaure ta da baƙin zare. Ta matsa gefe, suka wuce ta kamar labule, kowa ya ɗaga kai sama. Auta ma ta kutsa tsakanin ƙafafu ta ɗaga nata. Ba ta ga komai ba sai ɓula a rufi, faɗinta kamar murfin tukunya, da ɗan guntun sararin sama a ciki. Abin da ya fi zama mata a ka shi ne warin ɗakin, irin na tsumman da aka jiƙa aka manta a ƙarƙashin gado.

Auta ce ta tashi da son tsohon zance a gidan. Ita ce mai zama kusa da manya tana tambayar wa ya auri wa, wa ya rasu a wace shekara, me ya raba wane da wane. Labarin Gwaggo kuwa sai da ta yi ta tsinto shi a hankali, wani a wurin mamanta, wani a wurin tsofaffin layin, mafi ƙanƙanta a wurin mai labarin kanta, don Gwaggo ba ta da yawan magana.

Tela ce. A wurin mijinta ta koyi ɗinki, shi ma tela, kuma bai daɗe a duniya ba. Ba su haihu ba. Da ya rasu ta dawo gidan ubanta da akwati ɗaya da keken ɗinkinsa, aka ba ta ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Ta raba shi biyu da labule, gado a ciki, keke a bakin taga. Kayan makaranta ta fi ɗinkawa, sai gyara: rage wando, sauya zik, sake kwala, facin gwiwa. Masu kawo mata aiki suna cewa in ta yi faci sai ka shafa da yatsa kafin ka gane wurin. Shekaru ta yi a haka, ba a jin kanta da kowa, kuma da sunanta na yanka ake kiranta.

Sai wata rana da hantsi, tana kan keke tana haɗa hannun riga, almakashinta ya zame ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya ɗauka. Kanta na ƙasa ta ji ƙara kamar an sako buhun siminti daga bene. Ƙura ta turnuƙe ɗakin. Da ta ɗago, babu majinginar kujerar da take kai, ta zama faskare. Kwano ya ɓule, silin ya ɓule, ga wani baƙin dutse kamar dunƙulen hannun ƙato kwance a bayanta, ya lotsa simintin ƙasa.

Yadda Baffa ke ba da labarin, dutsen ya sauko yana ci da wuta ja-wur, shi ne ya kutsa cikin hayaƙi ya fizgo ƙanwarsa. Yadda Gwaggo ta gaya wa Auta, babu wuta ko ta ashana. Ta taɓa dutsen ta ji ɗumi-ɗumi kawai, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Baffa kuwa yana wurin mai aski a lokacin, ya iso da kumfa a rabin fuska.

Ba a jima ba wasu mutane suka zo daga jami'a da safar hannu, suka ce dutsen sama ne, irin waɗanda ke yawo a can nesa su faɗo duniya jefi-jefi. Suka naɗe shi suka tafi da shi gidan ajiye kayan tarihi, inda aka ce yana cikin gilashi har yau. Wani ɗan jarida ya biyo bayansu da abin ɗaukar magana. Gwaggo ta ɓuya bayan labule, Baffa ya karɓe hirar, bakinsa ba ya gajiya da cewa, "Saura ƙiris, wallahi saura ƙiris!" Da aka sa hirar a rediyo, sunan ya bi Gwaggo ya manne mata. Na yankan ya ɓace, har yaran da aka haifa a layin bayan nan ba su san tana da wani ba.

Kashegarin faɗowar dutsen kafinta ya zo da guntun kwano da ƙusoshi. Baffa ya tare shi a ƙofar gida.

"Ina za ka da wannan?"

"Ita ta aika a kira ni, ta ce a rufe kafin ruwa ya sauko."

"A rufe? Mutane ba su gama gani ba. An tafi da dutsen, wannan kaɗai ya rage mana. Ka dawo wani mako."

Wani makon bai taɓa zuwa ba. Lokacin da su Auta suka tare, ɓular ta girme ta nesa ba kusa ba.

Baffa ba shi da wata tsayayyiyar sana'a. Ya taɓa sayar da taya, ya taɓa dillancin filaye, duk ba su karɓe shi ba. Ɓular nan ce kaɗai abin da ya taɓa sa mutane su yi shiru su saurare shi. Ya sa benci a ƙofar gida yana jiran baƙi, kuma shi ne babba, gidan a hannunsa yake. In Gwaggo ta tayar da zancen rufewa, amsarsa a shirye take.

"Ke dai ba ki da lissafi. Irin duwatsun nan ba su tafiya su kaɗai, ɗan'uwansa na nan tafe. In ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe, sai ya bi ta ya sauka inda na farko ya sauka. In ya tarar kin toshe, ina kike so ya bi? Sabuwa zai huda, ƙila daidai kan gadonki."

"Yaya, ruwa ke zuba a kan kayan mutane."

"To ki matsar da kayan. Ranki ya fi yadi."

Ga baƙi kuwa wani zancen yake yi daban. Su cewa yake yi babu wurin da ya kai ɗakin nan aminci a duk faɗin duniya, don inda dutse ya taɓa faɗowa ya gama, ba ya sake dawowa. Auta tana firamare ta lura zantukan biyu ba sa zama a kwano ɗaya. Ta faɗa wa babanta, ya ce ta kama bakinta, a ɗakunan Baffa suke zaune.

Abin da ɓular ta mayar da ɗakin, Auta ba ta son tunawa in tana cin abinci. Tattabaru suka gane hanya, suka yi gida a cikin silin, kashinsu na zubowa fari-fari a kan labule. Da rani jemagu su karɓa. Da damina bangon ya yi baƙi, fumfuna ta bi shi har bayan gado, ta shiga akwatin yadi, ta kama zare a jikin sandarsa. A ƙarƙashin ɓular akwai bokitin ƙarfe da ke tarar ruwa, kuma Baffa ya hana a zubar, don wasu na zuwa da 'yan kwalabe su ɗiba, wai ruwan ɓula magani ne. Ruwan ya kwana ya wuni har ya zama kore, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki, gashin tattabara na yawo a kai. Da idonta Auta ta ga wata mata ta tsoma yatsa a ciki ta lasa wa jaririnta. Ta ga wani dattijo mai kyakkyawar shiga ya durƙusa ya kankari simintin da dutsen ya lotsa da makullin motarsa, ya zuba garin a harshe. Gwaggo na gefe tana taka keke, ba wanda ya ce mata sannu da aiki.

Kuma mutanen nan da ke lasar ƙasan ɗakinta, su ne ba sa son zama kusa da ita a waje. In ta shiga motar haya, sai wanda ya san ta ya ce ya tuna ya yi mantuwa, ya sauka. Matar mai shagon kusurwa ta taɓa ce mata, cikin dariya, ta tsaya daga bakin titi a miƙo mata sabulun, rufin shagon sabo ne.

"Ɗakina magani, ni kuma cuta," in ji Gwaggo da ta dawo, tana warware zaren da ya harɗe. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Masu kawo ɗinki suka yi ta raguwa. Wa zai kawo farin yadi ya karɓe shi da ɗigon baƙi da warin tsumma? Ta koma naɗe kowane aiki a leda, ta rataye a ƙusa can nesa da ɓular. Sai kuma tari ya kama ta, busasshe da farko, daga baya mai nauyi, irin wanda ke tsayar da ƙafa a kan keke. A asibiti aka ce mata ta bar kwana a ɗaki mai laima. Baffa ya ce likitocin yanzu komai sai sun ɗora wa ɗaki.

Me ya hana ta ta kira wani kafintan a ɓoye? Auta ta daɗe tana wannan tambayar a ranta kafin ta gane. Gwaggo ba ta yarda da zancen yayanta ba, amma ba ta kuma iya fitar da shi daga kanta ba. Wanda ya sunkuya ɗaukar almakashi ya ɗago ya ga bayan kujerarsa ya tarwatse, da wuya a ce masa ba shi aka nufa ba. Ta taɓa nuna wa Auta yadda ta ja gadonta can ƙuryar da ta fi nisa da ɓular, ta ce, "In ya dawo, aƙalla na san ta inda zai shigo."

Auta tana ajin ƙarshe na sakandare malamin kimiyya ya zo kan darasin sararin samaniya. Ya ce ƙananan duwatsu na shigowa duniya kullum, yawancinsu su ƙone a iska tun kafin su iso ƙasa. Waɗanda suka iso kuma galibi a teku suke faɗawa ko a dajin da ba kowa, don ruwa da daji sun fi gari yawa. Manyan, in ji shi, ana bibiyarsu da na'urorin hangen nesa, a kan san hanyar da yawa daga cikinsu tun da sauran shekaru, kuma ba safai suke zuwa ba. Ƙananan kuwa, irin masu huda rufi, babu mai iya ce maka ga rana ga wuri.

Wata yarinya a baya ta ce, "Malam, a tambayi Auta, gwaggonta ce ke kiwonsu."

Aji ya fashe da dariya. Auta ta bari suka gama, sannan ta ɗaga hannu.

"Malam, in dutse ya taɓa faɗowa a wuri, yana dawowa wurin? Ko kuwa ba ya sake dawowa?"

"Ko ɗaya. Dutse ba shi da tunani, bai san gidan kowa ba. Rufin da ya taɓa hudawa da rufin ajin nan duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma yiwuwar ya sami ko wanne a cikinsu ƙarama ce ƙwarai, ta yadda ba ta kai a rasa barci a kanta ba."

Ta riƙe maganar ta kai gida, amma ta kasa faɗa. Yaya za ka dubi babbar mace ka ce mata duk shekarun nan a banza ta sha laima?

A cikin daminar shekarar ne rediyo ta ce wani ƙaton dutse zai gifta kusa da duniya ranar kaza da rana. A cikin labarin an faɗa ƙarara cewa can nesa zai wuce, ya ma fi wata nisa, babu wani haɗari. Mutanen layin rabin farko kawai suka ji. Baffa kuwa ya wuni a kan benci yana tabbatar wa duk mai wucewa cewa shi dai ya san wuri ɗaya da ba abin da zai same shi.

Ranar na zuwa, tun kafin Gwaggo ta gama share ɗaki aka fara shigowa. Ana yayyafi, kowa da taɓo a ƙafa. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, mai wanki da ƙullin kayansa, matar mai shago da 'ya'yanta duka, wadda ba ta yarda Gwaggo ta tsaya ƙarƙashin rufinta. Aka cika gaban labule, aka yaye labulen aka hau gado. Wani ya zauna a kan teburin keke har ƙafarsa ta yi ƙara. Aka rufe taga wai kada wani abu ya shigo ta nan. Zufa, numfashi, warin takalmi da na jiƙaƙƙen kaya suka haɗu da warin ɗakin na asali. Ana ture-turen samun wuri daidai ƙarƙashin ɓular, wani ya hamɓare bokitin, koren ruwan ya malale a ƙasa, mata suka shiga dangwala suna shafa wa yara a goshi.

Auta ta kutsa da ƙyar ta sami Gwaggo a tsaye a ƙurya, an matse ta da bango, ta ɗaga ledojin ɗinki sama da kanta da hannu biyu, tana tari ba ta da hannun rufe baki.

"Baiwar Allah, ki juya can da tarin nan mana, akwai yara," in ji matar mai shago.

"Ɗakinta ne fa!" in ji Auta.

"Wa ya ce ba nata ba ne? Ke 'yar wa ce da za ki ɗaga mini murya?"

Mai wanki ya sa baki. "Ni da za a bi tawa, ita ta ɗan fita waje har abin ya wuce. Ɗakin ne mai aminci. Ita kuwa an san ta da jan abin."

Wasu suka ce gaskiya ne. Baffa na bakin ƙofa yana tsara masu shiga, ya ji sarai, sai ya ce, "Saura Ƙiris, ɗan zaga bayan gida mana, ki sha iska. Ba daɗewa za a yi ba."

Gwaggo ta dube shi. Ta miƙa wa Auta leda ɗaya, ta rungume ɗaya, suka ratsa suka fita. A ƙarƙashin 'yar rumfar murhu suka zauna, yayyafi na feso musu, har la'asar ta yi. Ba abin da ya faɗo sai ruwa. Mutane suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna miƙa, suna yi wa Baffa godiya, wasu na cewa ai ga shi nan, ɗakin ya yi aikinsa.

Abin da suka bari a ɗakin ya isa. Taɓo har kan matashi. Ɓawon ayaba a cikin aljihun keke. Wani yaro ya yi fitsari a kan katifa, wani ya yi wanda ya fi fitsari a bayan akwati aka rufe da ƙyallen yadi. Ledar da Gwaggo ba ta samu ɗauka ba an sauke ta an zauna a kai, fararen rigunan makaranta na wasu 'yan gida ɗaya, da ta gama ta goge, sun sha koren ruwa. An tafi da almakashin, wai shi ne ya cece ta, yana da albarka. Ba ma shi ba ne, na ranar ya daɗe da karyewa.

Su biyu suka yi aikin, Auta na kwasa tana toshe hanci, Gwaggo na wanke ƙasa da tsumma. Can Gwaggo ta tsaya, ta zauna a kan dugaduganta.

"Ke da kike zuwa makaranta. Me suke cewa a kan abin nan? Gaskiya nake so, ba lallashi ba."

Auta ta faɗa mata duka, yadda malam ya faɗa, ba ta rage ba.

"Wato ba ni ya zo nema ba."

"A'a, Gwaggo."

"Da ba a gina ɗakin nan ba, nan ɗin dai zai faɗo?"

"Nan zai faɗo, ko da fili ne."

"Ɗan'uwan nasa fa?"

"'Yan'uwansa ba su ƙirguwa. Amma babu wanda ya san ki a cikinsu, kuma babu mai neman ƙofa."

Gwaggo ta ɗaga kai ta kalli ɓular, ta daɗe tana kallo. Wata tattabara ta leƙo ta koma. Sai ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ni mai toshe gwiwar wandon 'ya'yan mutane," ta ce. Ta matse tsumman ta ci gaba da wanki.

Ta aika wa kafinta, ɗan wancan na farko, ya ce shi ba ya shiga tsakanin wa da ƙanwa. Ta yi wa baban Auta magana, ya sosa ƙeya ya ce a bari damina ta wuce a zauna da Yaya a fahimci juna. Ba ta sake tambayar namiji ba. Ta hau kujera ta auna ɓular da tef ɗinta, tsawo da faɗi, ta ƙara abin da za a ɗora a gefe kamar yadda take bar wa ɗinki. Ta samo guntun kwano a bayan rumfar murhu, ta zana da allin tela, ta yanke da tsohon almakashin yankan ledar shimfiɗa, ta daddake bakin da guduma. Ta sayo ƙusoshi masu hula da ɗan gwangwanin kwalta, ta ɓoye a akwatin zare.

Ranar da Baffa ya tafi aski ya dawo da baƙi biyu, ya daka ƙofa kamar kullum, suka shiga suka ɗaga kai. Babu sararin sama.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Gwaggo, ƙafarta na kan keke.

"Ke? Kin san abin da kika jawo wa gidan nan?"

"Na sani, Yaya. Bushewa."

"Gidan ubana ne!"

"Ni ma ba a bola aka tsinto ni ba. Ka hau ka cire in kana so, tsani na nan baya. Amma duk wanda ya shigo daga yau, da bakina zan gaya masa inda kake ranar, da kumfar da ke fuskarka."

Baƙin suka dubi juna. Baffa ya ja su waje yana cewa tsufa ne ya fara taɓa ta. Ya daina yi mata magana, ya daina gaishe da baban Auta na wani lokaci, amma bai hau ba.

Bangon ya bushe a hankali. Auta ta kankare shi ta shafa farar ƙasa. Tattabaru suka yi ta zagaye a kan rufin kafin su haƙura. Gwaggo ta jawo gadonta daga ƙurya ta sa shi a tsakiyar ɗaki, inda iska ke ratsawa, ta mayar da bokitin na wanki. Wasu tsofaffin masu kawo ɗinki suka dawo, ba duka ba. Tarin kam ya riga ya yi nisa, ya sassauta amma bai sake ta ba. Damina biyu ta kwana tana jin ruwa na dukan kwano ba ya taɓa ta, a ta ukun ta rasu, a kan gadonta, zanen gadon a bushe.

Masu zuwa gaisuwa ba su gama ɗaukewa ba Baffa ya sa aka hau aka ɓamɓare facin. Yanzu yana nuna wa baƙi ɓular da keken da kujerar, wata kujera ce daban da ya karya wa baya da kansa, yana share ƙwalla yana cewa marigayiyar ba ta taɓa yarda a rufe ba. Auta ba ta sake taka ɗakin ba. In ta bi ta wajen, warin ya dawo, tun daga tsakar gida ake jinsa.

A duk zamansu, abu ɗaya Gwaggo ta taɓa roƙon Auta, a safiyar da ta hau rufin toshe ɓular. Ta jira Baffa ya fita, ta jawo tsani ta jingina da bango. Ta ɗaure zanenta tamau, ta sa ƙusoshi a aljihu, guduma a ɗamara, kwanon a ƙarƙashin hammata. Auta ta ce ta bari ita ta hau, ai ta fi ta ƙarfi. Gwaggo ta girgiza kai, ta cire tabaraunta ta goge, ta mayar.

"A'a, ɗiyata, ku a ɗakunan Yaya kuke zaune. Kuma aikina ne. Ke dai ki riƙe mini tsanin da hannu biyu. Ko kin ji ina tari, ko kin ji wani na kiranki, kada ki saki sai na sauko."